Wa Ya Ƙirga? Kalmomin Aro Daga Lafiyar Barebari Zuwa Masko

Idan zan rubuta adireshin gidanmu a bayan ambulan, abin da zan sa a ƙarshe shi ne: Lafiya, Jihar Nasarawa. Kalmomi uku ke nan, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da saiwarta ba daga Larabci ta fito ba. Lafiya daga "al-afiya" take, jiha haka Larabawa ke faɗinta, Nasarawa kuwa daga nasara, wadda ita ma "nasr" ce aka ɗinka mata rigar Hausa. Adireshin da ambulan ɗin na Turawa ne. Mujallar nan da mai karatu ke riƙe da ita, da jami'ar da ta buga ta, da ɗalibin da ya yi rubutun, da malamin da zai duba, duk sunayensu baƙi ne da suka kwana biyu har suka zama 'yan gari.

Na kawo wannan ne saboda wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk ɗan Lafiya da ya zauna aji ɗaya da 'yan'uwanmu na can arewa ya san gorin da ake yi mana. Wani abokin karatuna ya taɓa ce mini, cikin raha amma har zuciyarsa: "Malam, ai ku ba Hausa kuke yi ba, gwamutse kuke yi. Rabi Turanci, sauran rabin kuma kowace ƙabila ta jefa nata." Ban ji haushin gwamutsen ba kamar yadda kalmar rabi ta tsaya mini a rai. Rabi fa lissafi ne. To, wa ya ƙirga? Da me ya ƙirga? Kuma in an ƙirga Hausar Kano ko ta Sakkwato da ma'auni ɗaya, nawa za a samu?

Ban musa cewa Hausar Lafiya tana da nata kamanni ba. Garin ma ba Hausawa suka kafa shi ba. Barebari ne a ƙarƙashin Muhammadu Dunama suka sauka a nan wajen ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa ake cewa Lafiyar Barebari, ko da yake mafi yawan jikokinsu Hausa suke yi a gida, Barbarcin ya tafi. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar garin ta bunƙasa, fatake suna bin hanyar Loko zuwa bakin Binuwai. Daga baya layin dogo ya ratso, ga hanyar mota daga Makurɗi zuwa Akwanga da Jos, sannan a ranar 1 ga Oktoba 1996 garin ya zama hedikwatar sabuwar jiha, ma'aikata suka yi ta kwararowa. In ka shiga kasuwa yau za ka tarar da Eggon da Alago da Migili da Gwandara da Tibi da Ibo da Yarabawa suna ciniki, kuma Hausa ce ke haɗa su. Harshen da ke ɗaukar irin wannan kaya dole kafaɗarsa ta nuna. Za ka ji mai cewa "matana ya zo", za ka ji wanda ba ya bambanta ƙ da k. Amma wannan batun jinsi ne da furuci, aro kuwa wani abu ne daban, masu yi mana gori ne ke zuba su duka a buhu ɗaya.

Hanyar amsa tambayar wa ya ƙirga ita ce abin da za mu iya kira nazarin harshe ta rumbun matani. Ma'anarsa ba wuya. Ana tara rubuce-rubuce da maganganun da mutane suka yi da gaske, ba irin jimlolin da malami ke ƙirƙira a allo don misali ba, a zuba su a kwamfuta, a rubuta wa kowane matani shekararsa da wurinsa da irin wanda ya yi shi, sannan a riƙa yi wa rumbun tambaya. Sau nawa kalma kaza ta fito? A wace shekara ta fara bayyana? Da waɗanne kalmomi take yawo? Ƙamus zai gaya maka cewa kalma tana nan, amma ba zai gaya maka ko tana aiki ko ta daɗe a kwance ba. Rumbun farko da ya yi suna shi ne na Jami'ar Brown a Amurka, wanda Henry Kucera da Nelson Francis suka haɗa daga rubuce-rubucen Turancin Amurka na shekarar 1961, kalmomi miliyan ɗaya. A lokacin abin al'ajabi ne. Yanzu wayar da ke aljihunka za ta haɗiye shi ba ta ji ba.

Misalin da ya fi jan hankalina a wannan fage shi ne na Rashanci, domin Rashawa sun sha irin gardamar da muke yi, kuma su suna da rumbun da ke raba ta. Sarkinsu Bitrus Mai Girma, wanda ya kafa birnin Sen Pitasbag a 1703 ya kuma rasu a 1725, ya buɗe ƙofa ga Turai ta yamma. Ya ɗebo hafsoshin soja da maƙera da masu haƙar ma'adinai da ma'aikatan ofis daga Jamus da Holan, kuma daga zamaninsa zuwa ƙarnonin da suka biyo baya kalmomin Jamusanci suka yi ta malala cikin Rashanci. Ramin haƙar ma'adinai ya zama "shakhta" daga "Schacht", tara ta kotu ta zama "shtraf" daga "Strafe", mai lissafin kuɗi "bukhgalter" daga "Buchhalter", shingen da ake ɗagawa a bakin hanya "shlagbaum", jakar goyo "ryukzak". Duk ɗalibin Hausa da ya ga wannan jeri zai ce ai ya san labarin. Soja da kofur da saje da samanja da hafsa da bariki, razdan da di'o da en'e da joji da sammaci: ta ƙofar da baƙo ya shigo, ta nan kalmarsa ke biyo shi, kuma a wurinmu da wurinsu ƙofar soja da ta ofis ce ta fara buɗewa.

Yadda bakin Barashe ya sarrafa kalmomin ma ya yi kama da namu. Rashanci ba shi da irin sautin h na Jamusawa, sai ya riƙa sa g a madadinsa, shi ya sa "Halstuch", wato ƙyallen wuya, ya zama "galstuk", birnin Hambag ma Gamburg suke ce masa. Mu kuma p ce ba mu da ita, sai muka ce fetur da fensir da fasinja. V ta koma b a direba. L ta ƙarshen kalma ta koma r a tebur da kofur. Cunkoson baƙaƙe kuwa Bahaushe ba ya jure shi, sai ya cusa wasali a tsakani, ya sami burodi da bulo da asibiti. Ma'ana ita ma takan goce. A Jamus "Butterbrot" burodi ne da man shanu, amma a Rasha "buterbrod" duk wani yankan burodi ne da aka ɗora wa wani abu, ko da babu ɗigon mai a kansa. "Perückenmacher" mai yin hular gashi ne, "parikmakher" kuwa mai aski ne kawai. Haka waya tamu, wadda asalinta zaren ƙarfe ne, ta zama sunan abin da babu ko zare ɗaya a jikinsa. Bariki ta tashi daga mazaunin soja ta zama sunan wata irin rayuwa, har uwa kan ce ɗanta ya shiga bariki tana hawaye.

Su ma sun yi masu kishin tsarkin harshe. Aleksandar Shishkov, wani babban hafsan sojan ruwa, ya wallafa littafi a 1803 yana kukan cewa baƙin kalmomi, musamman na Faransanci, suna kashe Rashanci. Vladimir Dal, wanda ya tara ƙamus mai kalmomi wajen 200,000 da ya fito tsakanin 1863 da 1866, shi ma ba ya ƙaunar aro, alhali mahaifinsa mutumin Denmak ne. Abin da ya bambanta Rashawan yau da mu shi ne tun 2004 suna da rumbun matani na ƙasa a intanet, wanda masanan Cibiyar Nazarin Rashanci ta Vinogradov da wasu jami'o'i suka gina da taimakon kamfanin Yandex, mai ɗauke da kalmomi fiye da biliyan ɗaya. Ɗalibi a Masko zai rubuta "galstuk", nan take ya ga jimlolin da ta fito a cikinsu tun ƙarni na 18, da zanen da ke nuna shekarun da ta hau da shekarun da ta sauka. In wani ya ce masa rabi, sai ya ce zo mu duba.

Akwai kalma ɗaya da ta haɗa mu da Jamusawa da Rashawa a tsatso guda, kuma ina jin daɗin labarinta ƙwarai. Wajen 1520 aka fara buga wani kuɗin azurfa a wani kwari na ƙasar Bohemiya mai suna Joachimsthal, wanda yanzu yake cikin Jamhuriyar Cek. Sunan kuɗin "Joachimsthaler" ya yi wa mutane tsawo. Jamusawa suka yanke kan suka riƙe wutsiyar, suka ce "Thaler", daga nan Turawan Ingila suka sami "dollar". Rashawa kuwa kan suka riƙe, suka mayar da Joachim ya zama Yefim, suka kira kuɗin "yefimok". Wutsiyar ce ta iso mana. Azurfar Mariya Tarisa, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta, ta yi yawo a Borno da ƙasar Hausa a ƙarni na 19. Kalmar dala ta zauna a bakinmu, a zamanin Turawa ta zama sunan sule biyu, a Nijar kuma har yau dala tana nufin sefa biyar. Kakata ta rasu tana lissafi da dala da sule da sisi da taro, shekaru da yawa bayan naira ta shigo a 1973. Yanzu sisi da anini ba su da sauran aiki sai a bayan kalmar ko: ba ni da ko sisi, bai ba ni ko anini ba. Wannan irin abu ne rumbu ke kamawa nan da nan, ya nuna maka kalmar da ta mutu a kasuwa amma ta tsira a cikin salon magana.

To, bari mu yi ƙidaya 'yar ƙarama, wadda mai karatu zai iya bi da yatsa. Ga jimla irin wadda za a ji a Lafiya, a kuma ji a Katsina: "Ranar Talata da asuba direba ya bar tasha ya tafi kasuwa, ya sayi albasa da ashana." Kalmomi 16 ne. Bakwai na aro ne: Talata da asuba da albasa daga Larabci, direba da tasha daga Turanci, ashana daga Yarbanci, kasuwa kuma "suƙ" ce ta Larabci da ta biyo ta Barbarci, inda ake cewa "kasugu". Bakwai cikin 16 ya kusa rabin da abokina ke faɗa, ga shi kuwa babu Bakano ko Basakkwacen da zai ce jimlar ba Hausa ba ce. Sai a dubi sauran taran: ranar, da, ya, bar, tafi, sayi, tare da maimaicin ya da da. Duk aikatau ɗin na gida ne, duk ƙananan kalmomin da ke riƙe da ginin jimlar na gida ne. Baƙin sunaye ne zalla.

Wannan ba dabarar jimlata ba ce. A 2009 Martin Haspelmath da Uri Tadmor suka fitar da sakamakon wani babban aiki da aka auna harsuna 41 da jerin ma'anoni guda 1,460. Ari Awagana da Ekkehard Wolff ne suka jagoranci ɓangaren Hausa. An sami kalmomin aro kusan kashi 22 cikin ɗari a Hausa, Barbarci kusan kashi 20, Turanci kuwa, wanda muke jin kamar shi ne mai ba kowa bashi, kashi 41. A dukkan harsunan an ga cewa sunaye kusan kashi 31 na aro ne, aikatau kashi 14 kacal, kuma fagen addini da tufafi da kayan gida su suka fi karɓar baƙi, sassan jiki da dangantakar jini kuwa suna cikin waɗanda suka fi ƙi. Sai dai a lura, wannan ƙidayar jerin kalmomi ce irin ta ƙamus, inda ya da sukudireba kowace ke da kujera ɗaya. A magana ta gaske kuwa ya za ta fito sau dubu kafin sukudireba ta fito sau ɗaya.

Nan ne kunne ke yaudarar mutum. A yankin Otawa da Hull na ƙasar Kanada an daɗe ana cewa Turanci ya lalata Faransancin mutanen wurin. Shana Poplack da abokan aikinta suka ɗauki maganar mutum 120 a faifai, suka rubuta ta kalma bayan kalma, suka ƙirga. A sakamakon da suka buga a 1988, kalmomin da suka fito daga Turanci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da mutanen suka furta ba. Baƙuwar kalma kamar farin ɗan akuya ce a cikin baƙaƙe, ita ido ke fara gani. Kuma sabon baƙo kaɗai ake gani. Wanda ke ƙyamar caji da data da kati shi ne zai ce maka lokaci da labari da littafi da lissafi da ladabi tsantsar Hausa ce, bai san l ɗin da ke goshinsu ragowar "al" ta Larabci ba ce. Joseph Greenberg tun 1947 ya yi rubutu a kan kalmomin Larabci a Hausa, a 1960 kuma ya kafa hujja da kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa cewa sun iso mana ta hannun Barebari, haka sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima daga Borno suke. Takarda da takobi da raƙumi ta wajen Buzaye suka zo. Wani lokaci nakan yi murmushi in na ji dattijon Babarbaren Lafiya yana cewa harshen kakanninsa ya ɓace masa ƙaf, alhali kullum safiya sai ya ce za shi kasuwa.

Kada a ɗauka ina cewa komai lafiya lau ne. Akwai bambanci tsakanin aro da Ingausa. Ofis aro ce, domin tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san ta, tana da jinsi, tana da jam'i, ofisoshi. Haka mota da motoci, likita da likitoci. Makaniki ma har Hausa ta ɗauki ma ɗin farkonta a matsayin ɗafa-goshi, ta cire shi ta ƙera bakanike da kanikawa da kanikanci, canji kuma ya haifi aikatau canza. Amma ɗalibin da zai ce "zan je in yi submitting kafin deadline" ba aro ya yi ba, tsalle yake yi tsakanin harsuna biyu, kuma mu ɗalibai mun fi kowa yin haka, a Lafiya da Kano baki ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne ƙidaya. Yaran unguwarmu da yawa ba sa iya faɗin lambar waya da Hausa, farashi ma tu-fifti ne da wan-faif. Wannan ya taɓa faruwa: ashirin da talatin har zuwa casa'in duk na Larabci ne, su suka ture gomiya biyu da gomiya uku na kakanni. Ke nan muna iya kasancewa a tsakiyar sauyi na biyu, muna gani da idonmu, kuma ba wanda ke rubuta shekarar da abin ya fara da bakin da ya fara.

Kayan gina rumbun Hausa suna nan birjik. Akwai Magana Hausa na 1885, wanda Bajamushen nan J. F. Schön ya rubuta, mafi yawansa daga bakin Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Akwai tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da littattafan Abubakar Imam, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, wadda ita kanta kwabon da ke sunanta "copper" ne na Turawa. Akwai adabin kasuwar Kano da finafinai da rubutun Facebook. A 'yan shekarun nan masu aikin kwamfuta sun fara tattara matanin Hausa, irin aikin ƙungiyar Masakhane na 2021 da ya ɗebo labaran Muryar Amurka, da NaijaSenti na 2022 da ya tara saƙonnin Twitter. Aiki ne mai kyau, amma a duba inda ake ɗebowa: gidajen rediyo da jaridu masu rubuta daidaitacciyar Hausa, da matasa masu waya. Mai sayar da doya a Lafiya, da manomin riɗi a Doma, da matan da ke dafa gishiri a Keana, ba sa cikin wannan lissafi, alhali da Hausa suke kwana suke tashi. Injinan fassara da ake koya wa Hausa daga waɗancan matani za su tashi da Hausar da babu mu a ciki, kuma gorin da ake yi mana a aji zai koma cikin na'ura.

Shi ya sa nake ganin wannan aiki namu ne, mu ɗaliban harshe da ke zaune a nan. Ba ya buƙatar miliyoyin naira. Waya mai ɗaukar murya, da izinin wanda za a ɗauka, da haƙurin zama a rubuta. Haƙurin ne mai tsada, domin hirar minti goma takan ci fiye da awa guda kafin a gama rubuta ta daidai. Sannan akwai tarkuna da ya kamata a sani tun farko. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, saboda haka kwamfuta za ta haɗa dalar kakata da dalar Amurka da Dutsen Dala na Kano ta ce kalma ɗaya ce, ta haɗa garin da ake zama da garin da ake tuƙawa. Masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, sai ƙasa ta zama kasa. Wani zai rubuta "shi ne", wani "shine". Sunan garinmu kansa Lafia ne a takardun gwamnati, Lafiya a bakin mutane. Dole a tsayar da ƙa'ida ɗaya kafin a fara, kuma a rubuta abin da mutum ya faɗa yadda ya faɗe shi. In ya ce "matana ya zo", haka za a sa, kada mai rubutu ya gyara masa don jin kunya, in ba haka ba mun gina rumbun Hausar Kano da muryoyin mutanen Lafiya.

Da a ce rumbun ya samu gobe, na san tambayoyin da zan fara yi masa. Zan nemi babur mai ƙafa uku, wanda Kanawa suka raɗa wa Adaidaita Sahu tun zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, mu kuma muke ce masa keke ko keke Napep, in ga ko sunan Kano ya taɓa ƙetaro Akwanga. Zan nemi canza da sauya in ga wacce ta fi yawa a bakin 'yan ƙasa da shekara talatin. Sannan zan ware duk inda aka faɗi farashi, in jera masu maganar bisa shekarunsu da harshen da suke yi a gida, in ga a wane tsara ne ɗari biyu da hamsin ta fara ja da baya, kuma ko 'ya'yan Hausawa da Barebarin cikin gari ne suka fara sakinta ko 'ya'yan waɗanda suka koyi Hausar a kasuwa.